Fada ya ƙona min rai, ga ɗana kuma yana son zama Fada

Wasiƙar wannan makon daga nan cikin Kano ta zo, a kan wani Fada, wato firist na cocin Katolika. Na taƙaita ta, na kuma cire sunan coci da duk abin da zai sa a gane mutanen da ake magana a kansu.

"Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ni 'yar Katolika ce tun haihuwa, shekarata 19 a Zumuntar Mata. Mun yi shekara biyu muna tara kuɗi, da adashi da sayar da abinci ranar bikin godiya, don a rufa wa wani ƙaramin coci na ƙauye kwano. Muka damƙa wa Fada hannu da hannu. Damina biyu ta wuce, ba kwano, ba bayani. Da na yi tambaya a taro, ranar Lahadi sai ya hau mumbari ya yi wa'azi a kan mata masu dogon baki, kowa ya juyo yana kallona. Ana kuma wasu maganganu a kansa waɗanda ban gani da idona ba. Tun daga ranar na kasa karɓar Jikin Almasihu, wato tsarkakakkiyar gurasar da ake ba mu a coci, daga hannunsa, yanzu wata biyar ke nan ko ƙofar coci ban taka ba. Maigidana ya ce in yi shiru, ba a taɓa shafaffen Ubangiji. Wata ƙawata tana ta jana zuwa cocinsu. Ga shi ɗana na fari ya gama sakandare, ya ce shi seminari zai tafi, makarantar horar da firistoci. Da na ji, kuka na yi, kuma ba na murna ba. Mama, imanina ne ya mutu? In bar yaron nan ya tafi?"

'Yata, sannu. Allah ya sanyaya miki zuciya.

Kafin in ce komai, ki ji wannan daga bakin babba: ba ki yi laifi ba da kika yi tambaya. Kuɗin da mata suka tara da guminsu, wata ta haƙura da zanen Kirsimeti, wata ta tsaya gaban murhu tun asuba tana suyar ƙosai, tambayar inda ya shiga haƙƙinku ne. Abin da ya fi ci min rai ma shi ne mumbarin nan. Wuri ne da aka ba Fada ya tsaya ya karanta mana Bishara, wurin da ba mai iya mayar masa da magana. Ya ɗauki wannan wuri ya yi ramuwa da shi a kan mace ɗaya da ke zaune a benci, wannan zalunci ne, ba zan nema masa suna mai laushi ba. Gaskiya bakinki kaɗai na ji, kuma mai yiwuwa kuɗin yana da bayanin da bai iso gare ki ba. Amma ko da bayanin yana nan, a taro aka yi tambaya, a taro ya kamata a ba da amsa.

Kin ce ko imaninki ya mutu. Bai mutu ba. Da ya mutu, da ba ki zauna kina ƙirga watanni ba. Wanda ya bar Ikilisiya da zuciya ɗaya ba ya sanin rabonsa da Jikin Almasihu. Ke kin san wata biyar ne cif. Yunwa kike ji, ga abincin kina gani, amma hannun da ke miƙo shi shi ne ya mare ki. To a kan hannun nan zan ɗan daɗe, don nan ne ƙullin yake.

Ba ke ce farkon wadda ta tsaya a wannan wuri ba, kuma a ƙasarmu ta Afirka aka fara kai ruwa rana a kan maganar. A shekara ta 303 sarkin Rum, Diyokletiyan, ya ba da umarni a rushe majami'u a ƙone littattafai masu tsarki. Wasu Kiristoci suka gwammace mutuwa. Wasu firistoci da bishof-bishof kuwa tsoro ya kama su, suka miƙa littattafan da hannunsu. Da ƙura ta lafa, sai waɗannan mutane suka dawo bagade. Jama'ar yankin Kartaj, a Tunisiya ta yau, suka rabu biyu. Mabiyan wani bishof mai suna Donatus suka ce baftismar da maci amana ya yi ba baftisma ba ce, duk abin da ya fito daga hannunsa ya ƙazantu. Kada ki ɗauka mutanen banza ne. Da yawansu 'yan'uwan waɗanda aka kashe ne, fushinsu yana da dalili kamar yadda naki yake da shi. Rabuwar ta haura shekara ɗari.

Wanda ya fi kowa tsayawa ya ba su amsa shi ne Waliyyi Agustin, bishof na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu, wanda ya rasu a shekara ta 430. Abin da ya koyar, wanda Ikilisiya take riƙe da shi har gobe, shi ne: ko Bitrus ne ya yi baftisma, ko Bulus, ko ma Yahuza, Almasihu ne mai yin baftismar. Ya yi misali da ruwan da ke bi ta magudanar dutse zuwa lambu. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya ya wuce Kura da Kadawa ya ga wannan misali da idonsa. Ruwan ya taso daga dam ɗin Tiga, ya bi ta magudanar siminti mai tsawo. Simintin nan ko ciyawa ba ta tsirowa a kansa, shekara da shekaru ruwa na bin sa bai taɓa ba da ƙwayar shinkafa ɗaya ba. Amma ki dubi gonakin da ke gefe, shinkafa da tumatir da alkama kore shar. Manomi ba ya ƙin ban ruwa don magudanar ta tsage ko ta yi datti. Ya san ruwan ba nata ba ne.

Haka Jikin Almasihu yake. In Fada ya tsaya a bagade ya faɗi kalmomin da Ubangiji ya faɗa a daren da aka bashe shi, da niyyar yin abin da Ikilisiya take yi, gurasar nan ta zama Jikin Almasihu, ko zuciyar Fadan tana da tsabta ko ba ta da ita. Tsarkinsa ba ya ƙara wa sakramenti komai, zunubinsa ba ya rage masa komai. Kada ki ɗauka an shirya wannan koyarwa ne don a kāre firistoci. Mu aka kāre da ita. Da sai hannu mai tsarki ne kaɗai ke iya ba da alheri, wace uwa ce za ta kwana da tabbacin baftismar ɗanta ta karɓu? Sai mun leƙa zuciyar kowane Fada kafin mu buɗe baki, kuma ba mai iyawa. Shi kuwa firist ɗin da ya hau bagade da haƙƙin mutane a wuyansa, kansa yake jawo wa hukunci, kuma nasa ya fi namu nauyi. A nan Kano ma maganar Agustin ba baƙuwa ba ce: bishof ɗinmu na farko, Patrick Sheehan, da wanda ya gaje shi a 2008, John Namaza Niyiring, duk 'yan ƙungiyar Agustin ne, haka ma Paparoma Leo na 14 da aka zaɓa a watan Mayun 2025.

Ki buɗe littafin Sama'ila na fari ki karanta surori biyu na farko a hankali. A Shilo, 'ya'yan Eli, Hofni da Finehas, su ne firistoci. Suna aika bara da cokali mai yatsu uku ya tsame naman hadaya daga tukunyar masu sujada, suna kuma lalata da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa. Kowa ya sani. A wannan wurin ne, a wannan zamanin, Hannatu ta zo ta durƙusa tana kuka tana roƙon ɗa, Eli ya dube ta ya zarge ta da maye. Ta ba shi amsa da ladabi, ba ta sunkuyar da kai ta karɓi ƙazafin ba, ba ta kuma fasa addu'arta ba. Allah ya ji ta a Shilo ɗin nan. Da ta yaye yaron, nan ta kawo shi. Ki riƙe wannan labari, zan dawo kansa.

Yanzu maganar maigidanki. Ba mugunta ce ta sa ya ce ki yi shiru ba, tsoro ne, yana gudun kada a ware gidansa. Ki fahimce shi. Amma ayar da ya kawo, ta Zabura 105, ku zauna ku karanta ta tare daga sama. Ana ba da labarin Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi masu yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana gargaɗin sarakuna kada su cuce su. Aya ce da ta tsaya wa mara ƙarfi a gaban mai ƙarfi. Abin baƙin ciki ne yadda muka juya ta ta zama sandar rufe bakin talaka. Ke ma ai an shafa miki mai ranar baftismarki, Bishof ya sāke shafa miki a goshi da kika girma. Annabi Natan ya shiga fadar sarki ya faɗa wa Dawuda laifinsa, Dawuda kuwa shafaffe ne. Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya, ya rubuta da kansa a wasiƙarsa ga Galatiyawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Dokar Ikilisiya ma tana bayanki, sai dai yawancinmu ba a taɓa karanta mana ita ba. Doka ta 537 ta wajabta wa kowane coci mai Fada ya kasance da kwamitin kuɗi na 'yan Ikilisiya. Doka ta 1287 ta ce masu riƙe da dukiyar Ikilisiya su ba masu bi lissafin abin da suka bayar. Akwai kuma ƙa'idar cewa baikon da aka yi don wani aiki na musamman, a kan wannan aikin kaɗai za a kashe shi. Doka ta 212 kuma ta ce masu bi suna da 'yanci, wani lokaci ma wajibi ne a kansu, su bayyana wa makiyayansu ra'ayinsu a kan abin da ya shafi lafiyar Ikilisiya. Kin ga ba tawaye kika yi ba.

Ga abin da zan yi da ni ce. In ɗauko littafin zumunta, in zauna da ma'aji da magatakarda, mu rubuta a takarda ɗaya: nawa aka tara, wace rana aka miƙa, su wa ke wurin. Abin da kuka gani da ido kaɗai. Sannan in nemi manyan mata biyu da ake jin maganarsu, da katikis ko shugaban majalisar coci, in roƙi maigida ya raka mu, mu nemi ganin Fada a ofishinsa, ba a ƙofar coci bayan Misa ba. Wannan shi ne tsarin da Ubangiji ya shimfiɗa a Matiyu 18. Ku gaishe shi da girmamawar da ta dace da matsayinsa, ku ce kun zo neman lissafi don ku mayar wa matan da suka ba da kuɗinsu. Ke kuma ki faɗa masa da bakinki cewa wa'azin ranar nan ya ji miki ciwo har ya raba ki da coci wata biyar. Mai yiwuwa bai san girman ɓarnar da ya yi ba. Mai yiwuwa ya sani. Ko ta yaya, ki faɗa. In ya kawo bayani da rasit, ku karɓa ku gode wa Allah. In ya ƙi, ko ya yi ta ja muku rai, ku rubuta wa Bishof takarda, ku sa sunayenku da hannunku a ƙasa, ku kai ofishinsa ku riƙe kwafi. Takardar da ba suna ba ta da nauyi. Kada ku kai maganar Facebook ko zauren WhatsApp, can ba a yanke hukunci, sai dai a yi ta yayyafa wa wuta fetur.

Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Irin wannan magana tana iya ɗaukar lokaci. Ana iya yi wa Fadan faɗa a ɗaki ba ku ji ba, ana iya canza masa wurin aiki ba a ce muku don me ba, kuɗin ma ba lalle ya dawo ba. Wannan shirun yana da ciwo, ni ma ina ganin lokaci ya yi da shugabanninmu za su riƙa komowa ga masu ƙara su faɗa musu inda aka kwana. Amma takardarku za ta shiga fayil, in wasu suka sāke kawo irin ta gobe, ba za a ce ba a taɓa ji ba.

Sauran maganganun da kika ce ana yi a kansa, waɗanda ba ki gani ba, kada ki gauraya su da maganar kuɗi, kada kuma ki ɗauke su ki kai gaba. Zafin zuciya yana sa mutum ya yarda da duk abin da aka faɗa a kan wanda ya ɓata masa. Sai abu ɗaya, kuma a nan ba wasa: in maganar ta shafi yaro ko yarinya ƙarama, ko wani mai rauni da ba ya iya kāre kansa, to ta wuce a jira taro. Wanda ya san wani abu ya kai wa hukuma ya kuma kai wa Bishof, yau ba gobe ba. A 2019 Paparoma Faransis ya fitar da doka da ta wajabta wa kowace dayosis a duniya, wato yankin da Bishof ke kula da shi, ta buɗe hanyar karɓar irin wannan rahoto, ta wajabta wa firistoci da sistoci su kai rahoto in sun sani, ta kuma hana a tsangwami wanda ya kawo shi. A 2023 aka tabbatar da ita. Ba a yi dokar nan don sha'awa ba. An yi ta ne bayan shekarun da aka yi ana rufa-rufa a Amurka da Ailan da wasu ƙasashe, yara suka lalace, majami'u suka zama kango. Ubangiji ya riga ya yi maganar dutsen niƙa a wuyan wanda ya sa ƙanana tuntuɓe.

Na san abin da ke sa mu yin shiru a garin nan, don ni ma da shi na girma. Mu kaɗan ne. Muna jin in asirinmu ya fita, maƙwabta za su yi mana dariya, a ce ga limamansu can. Sai mu ce a rufa asiri. Rufin asiri abu ne mai kyau, da shi ake zaman aure da zaman unguwa. Amma akwai rufa wa mai rauni asiri, akwai kuma rufe gyambo da zane har ya yi tsutsa. Wata maƙwabciyata, Hajiya ce dattijuwa da muka yi shekaru muna miƙa wa juna tuwon salla da shinkafar Kirsimeti ta katanga, ta taɓa ba ni labarin wata rigima da aka yi a kan kuɗin gyaran masallacin unguwarsu ta dā. Na tambaye ta ko abin bai sanyaya mata gwiwa ba. Ta ce, "Ai ba don liman nake salla ba." Ba ta yi mana dariya ba ko sau ɗaya. Mutane sun san ɗan Adam ajizi ne. Abin da ke zubar da mutuncin jama'a shi ne a gan su suna kāre ɓarna.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma da namu. Muna ɗaukar saurayi ɗan shekara talatin da 'yan kai, ranar da aka naɗa shi mu fara durƙusa masa, tsofaffi su daina gaya masa gaskiya, mu damƙa masa kuɗi a leda ba rasit ba shaida, mu bar shi shi kaɗai a katon gida da dare, danginsa kuma suna ta bugo waya da buƙatu don a ganinsu ɗansu ya samu. Wannan ba ya wanke shi, amma ya nuna mana inda za mu toshe. Daga yau kuɗin zumunta ya zauna a asusun banki da hannun mutum uku. In kwano za a saya, ku je Ƙofar Ruwa da kanku ku saya, ku ɗora a mota ku kai ƙauyen. Fada nagari zai yi murna da an sauke masa wannan kaya.

Bari in ba ki labarin da ya sa ban taɓa iya barin Ikilisiyar nan ba, ko da yake ni ma an taɓa ƙona min rai. Akwai wani Fada, mai saurin fushi ne, ya taɓa daka min tsawa a gaban yaran da nake koya wa katikisim a kan abin da ban yi ba. Bai taɓa ba ni haƙuri ba. Na yi shekaru in na hango shi sai in canza hanya. Sai ga ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, ranar da bama-bamai suka tashi a Kano, aka kashe mutane da yawa, aka sa dokar hana fita. Mahaifiyata tana kwance a ɗakina, jiki ya yi tsanani, abin da take ta maimaitawa shi ne a kira mata Fada. Lambar da ta shiga ita ce ta mutumin nan. Na kira ina jin nauyi. Bai ce min komai ba sai, "Wane layi ne?" Da aka ɗan sassauta dokar ya taho a ƙasa, cikin kayan gida, yana ɗaga hannu sama a kowane shingen sojoji, da mai da Jikin Almasihu a aljihun ƙirjinsa. Ya durƙusa a kan tabarma ya ji furcinta, ya shafa mata mai, ya ba ta guzurinta na ƙarshe. Bayan kwana biyu ta cika, hankalinta kwance. Tsawar da ya yi min ba ta zama daidai ba saboda wannan. Amma na ga abin da Allah yake iya ɗorawa a tukunyar ƙasa, kamar yadda Bulus ya faɗa wa Korintiyawa, kuma har in mutu ina gode masa.

Ke ma ki zauna ki yi wannan lissafin, don na tabbata kina da naki. Wa ya yi miki baftisma? Wa ya ɗaura miki aure? Wa ya tsaya a bakin kabarin naki da rana tsaka? Sau nawa kika shiga furta zunubi da kaya a kai kika fito sakayau, kuma ba ki taɓa jin maganarki a bakin kowa ba? Fada ɗaya ya ɓata miki, amma hannaye nawa ne suka ciyar da ke tun kina goye? Bangaskiyar nan ba daga sama ta faɗo mana a Arewa ba. Firistocin mishan sun isa Shendam, a Jihar Filato ta yau, a 1907, daga baya aikin ya biyo layin dogo har Sabon Gari. Sistocin St. Louis sun sauka Kano a 1948 suka buɗe makarantar da ta yaye 'ya'yan Kirista da na Musulmi. Sai a 1999 Kano ta zama cikakkiyar dayosis. Tsakanin nan akwai mutanen da ba a rubuta sunansu ko'ina ba, masu hawa babur da damina su ratsa taɓo zuwa ƙauyukan 'yan'uwanmu Maguzawa don mutum ashirin su sami Misa. Ki tuna da Fada Isaac Achi, wanda ke cocin Madalla lokacin da bam ya tashi ranar Kirsimetin 2011. Ya tsira, bai ajiye aikin ba, har aka ƙone shi a gidansa a Kafin Koro a Janairun 2023. Shi ma firist ne, rigarsu ɗaya da wanda ya ɓata miki. Wake ɗaya ke ɓata gari, haka ake cewa, amma ni ban yarda a zubar da buhun ba. Godiyar da nake miki magana ba toshiyar baki ba ce. Don ina ganin girman wannan aiki ne ma nake ƙin a bar wani ya wulaƙanta shi.

Maganar ƙawarki kuwa, ki gode mata, ƙauna ce ta sa. Amma kada ki yanke shawarar barin gida kina cikin fushi. Duk inda kika je mutum za ki tarar a gaba, kuma abin da kike kewa, wato Jikin Almasihu a bagade, ke kin san inda yake. Ba kuma dole sai a cocinku za ki ji Misa ba. Kano tana da majami'un Katolika da dama, Misa ɗaya ce a ko'ina. Ki je wani, ki nemi wani Fada ki furta, ki gaya masa har da fushin da watannin da kika yi ba ki zuwa. Gafarta wa wancan kuma ba a yin ta da ƙarfin tsiya. Ki fara da ambaton sunansa a addu'a ko da baki ne kawai, zuciya za ta biyo a hankali. Gafara ba ta hana neman lissafi.

Sai yaronki. Na ce zan dawo kan Hannatu. Ta san halin 'ya'yan Eli sarai, amma ta kai Sama'ila, kuma ta bakin yaron nan Allah ya yi wa gidan Eli magana. Kada ki sa ɗanki ya biya bashin da wani ya ci. Kada kuma ki ɓoye masa abin da ya faru, ai ya ga kin daina zuwa coci, ya san da magana. Ki zaunar da shi ki gaya masa komai, ba da zagi ba, sannan ki tambaye shi me ya gani a aikin nan da yake so. Ki saurara da kyau. In mota da girma da durƙuson mutane ya hango, za ki ji a bakinsa. In kuwa duk da abin da aka yi wa mahaifiyarsa a gaban idonsa har yanzu yana so, to wataƙila kiran gaske ne. Ki gaya masa hanyar ba ta da sauƙi: Michael Nnadi ɗan shekara 18 ne lokacin da aka sace shi daga seminarin Kaduna a Janairun 2020 aka kashe shi. Ki gaya masa kuma tafiya seminari ba naɗi ba ne. Shekara takwas ko fiye ake yi ana karatun falsafa da tauhidi ana gwada mutum, shi ma yana gwada kansa, kuma wanda ya dawo gida a tsakiya bai yi abin kunya ba, ƙofarki a buɗe take. Abu ɗaya nake roƙonki da ke da maigida: in Allah ya kai shi bagade, kada ku ɗora masa ginin gida da kuɗin makarantar ƙannensa. Ku bar aljihunsa ya huta. Ke kuma ki ci gaba da zama uwar da ke iya kiransa ɗaki ta ja masa kunne ko yana sanye da farar riga, don da yawansu abin da suka rasa ke nan.

Lahadin nan ki tashi da wuri, ki ce wa yaron ya raka ki wani cocin, ku zauna ko a bencin baya ne. In lokacin karɓa ya yi kika ji ƙafarki ta yi nauyi, ki zauna, ba wanda zai tilasta miki, mako mai zuwa yana nan. Bayan kun ga Fada ki sāke rubuto min yadda kuka yi. Ki kuma binciko min bandir nawa na kwano cocin ƙauyen nan yake buƙata, don mutanen can damina biyu ke nan suna sujada ruwa na dukansu, kuma ina da mata a nan da za su sa hannu kafin ta uku ta sauka.